Ruwan Hanta Da Ya Koma Ruwan Goro: Nazarin Wani Aikin Hoton Talla A Kano

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a Kantin Kwari ya san wannan ɗabi'a. Mai shago zai sauko maka da shadda ko leshi, ka jujjuya a hannu, sai ka ce, "Alhaji, bari in fita da shi haske." Ba ya hana ka, don shi ma ya san fitilar shago ba ta faɗin gaskiyar kala. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga yadin, rana ta nuna maka ainihin abin da za ka zaro kuɗi ka biya. Matar da ke zaune a falonta a Kaduna tana zaɓen anko a waya ba ta da wannan dama. Mai hoto ne ke fitar mata da kayan haske, ya sani ko bai sani ba. Lamarin da zan warware a nan ya faru ne da wani yaro da na koya wa aiki, a karon farko da ya karɓi hoton talla shi kaɗai. Na bi shi daki-daki ne saboda na sha ganin masu hoton biki da suka juyo harkar talla a garin nan suna faɗawa rami irin wannan.

Yaron ya yi shekara biyu yana bin bayana wuraren biki, yana riƙe min fitila da jaka, har hannunsa ya faɗa. A kamu da dina ba ka raina aikinsa. Ya san lokacin da amarya za ta ɗago kai, ya san inda zai tsaya kada masu liƙi su tare shi. Kyamararsa Canon ce ta hannu, da lensin da ke zuwa da ita mai milimita 18 zuwa 55, sai wani mai milimita 50 da ya yi adashe ya saya. Wadda ta ba shi aikin wata Hajiya ce a Tarauni, tana saro leshi da shadda da atamfa a Kwari, tana tallatawa a Instagram da sitatus ɗin WhatsApp, ana yi mata oda daga Kaduna da Abuja da Jos har Yamai, ta kai tasha a sa a mota. Da wayarta take ɗaukar hotunan a da. Da Disamba ta ƙarato, lokacin da bukukuwa ke bin juna, ta ga gara ta nemi mai sana'ar. Suka yi ciniki a kan kala 60.

Yawancin kayan Hajiya ba ta biya su ba tukuna. Tsarinta shi ne ta tallata, in an yi oda ta je ta saro. Don haka a shagon Alhajin da take hulɗa da shi aka yi ɗaukar, bayan la'asar, da kasuwa ta ɗan lafa. Na je na ga shagon daga baya. Dogo ne mai ƙunci, kaya jibge har rufi. A sama akwai fararen ƙwayayen LED guda huɗu irin masu arahar nan, a can ƙurya wani ƙwai mai hasken rawaya, a bakin ƙofa kuma rumfar shuɗin tamfol da hasken rana ke ratsowa ta cikinta. Yaron ya shimfiɗa kayan a kan benci, ya bar kyamara ta zaɓi komai da kanta, ya ɗauka a JPEG, wato tsarin ajiye hoto a matse, don kada katin kyamara ya cika, ya gama kala 60 cikin awa ɗaya da rabi. Da daddare ya ɗora musu firiset, wato shiryayyen saitin gyaran kala, wanda yake yi wa hotunan biki aiki da shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ya tura wa Hajiya. Ta yaba ƙwarai. Hotunan sun yi kyau, wannan ba na musunsa. Ni ma da ya nuna min a waya sai na ce madalla, ban tambaye shi ina yadin yake in gwada ba. Wannan sakaci nawa ne, kuma ina lissafa shi cikin dalilan abin da ya biyo baya.

Cikin kayan akwai wani leshi ruwan hanta mai duhu. Wasu dangin amarya a Kaduna suka gan shi suka fitar da shi anko, mutum 30, yadi biyar-biyar. A hoton da suka gani ruwan goro ne mai haske, kuma a kan wannan kalar suka zaɓi ɗankwali da gyale da adon zauren biki. Kaya na isa suka buɗe, suka ce ba shi ba ne. Hajiya ta rantse shi ne, lambar jikinsa ma ɗaya ce. Uwar amarya ta shimfiɗa shi a tsakar gida ta ɗauki hotonsa ta turo mata tare da na tallar, gani ya kori ji. Biki saura kwana 12. Aka dawo da kaya, aka mayar da kuɗi, kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kan Hajiya, Alhaji kuma ya ce yadin da aka riga aka sa wa almakashi ba ya komawa.

Ta kira yaron, yaron ya kira ni muryarsa na rawa.

"Oga, wallahi ban canza kalar ba. Gyaran da na saba yi ne kawai."

Na ce ya karɓo yanki ɗaya na leshin ya zo da shi tare da katin kyamarar, kada ya goge komai. Washegari da hantsi muka zauna a bakin taga, leshi a dama, kwamfuta a hagu, muka bi sawun kalar mu ga inda ta ɓata. Ruwa ba ya tsami banza.

Tun daga hasken shagon aka fara. Idon mutum yana da wata baiwa: farar takarda fara ce a wurinka ko a rana ko a gaban aci-balbal, domin ƙwaƙwalwa na gyara maka ba ka sani ba. Kowane haske da nasa launin, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Ƙwan fitila mai rawaya yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka wajen 5500, inuwa a ƙarƙashin sararin sama ta kai 7000 ko fiye. Kyamara tana iya daidaita farinta da haske iri ɗaya kawai a hoto ɗaya. In uku suka haɗu, duk wanda ka gyara wa, sauran biyun sun ɓaci. A hoton asali mun ga gefen leshin da ke kallon ƙofa ya ja shuɗi saboda tamfol, na ƙurya kuma ya koma ƙasa-ƙasa. Sannan ƙwayayen LED masu araha suna da wani aibi da ba ka kamawa in ka kalle su: haskensu fari ne a ido, amma ja mai zurfi ya yi ƙaranci a cikinsa. Shi kuwa yadi ba ya ƙirƙirar launi, abin da haske ya kawo masa shi yake mayarwa. In jan bai zo ba, ruwan hanta sai ya mutu. Wannan inganci ne ake aunawa da CRI, wanda ƙarshensa 100 ne. Fitilar da za a yi aikin kala da ita ana son ta kai 95 ko fiye, kuma ƙwan da ba a rubuta komai game da wannan a kwalinsa ba, kada ka ba shi amanar kayan mutane.

Daga nan kyamara ta ƙara nata. Da ya cika hoton da jan yadi daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ta ɗauka hasken wurin ne ya yi ja, ta shiga rage shi. Ma'aunin haskenta kuma an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabansa, in an cakuɗa, zai tashi ruwan toka tsaka-tsaki. Ka nuna masa yadi mai duhu, sai ya ƙara haske har ya kusa da tsakiya. Ka nuna masa farar shadda, sai ya rage har ta yi dishi-dishi. Mun duba hotunan fararen shaddojin da ya ɗauka a ranar, duk sun fito kamar an wanke su da ruwan rijiya sau goma. Leshin namu kuwa ya fito fayau, babu duhun da ke ba shi kwarjini.

Abin da yaron ya gani a kwamfutarsa ke nan a daren: yadi maras rai. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Firiset ɗin biki don fata aka gina shi; yana ƙara ɗumi, yana tura ja ya karkata wajen ruwan lemo, yana ɗaga inuwa don fuska ta yi sheƙi. (A gaskiya ko a bikin ma ina ganin mun wuce gona da iri, har uwa ta kalli hoton 'yarta ta rasa gane fatar da ta haifa, amma wannan zance ne na wata rana.) Ya ɗora shi, ya ga har yanzu kalar ba ta tashi ba, ya ƙara mata kauri. Ja da aka rage masa duhu, aka ƙara masa rawaya, aka kaurara shi, ai shi ne ruwan goro. Da ya ce bai canza kalar ba, gaskiyarsa ya faɗa gwargwadon saninsa, domin lokacin da yake gyaran leshin yana kulle a shago a Kwari, shi kuma yana ɗakinsa yana aiki da abin da ya tuna. Ba wanda ke iya riƙe kala a ka daga la'asar zuwa sha biyun dare.

Na gwada ko zan iya ceto hoton, bai cetu ba. JPEG yana riƙe matakai 256 ne kawai a kowane ɗaya daga cikin ja da kore da shuɗi, kuma kyamara ta riga ta yanke hukuncin fari ta zubar da sauran bayanin. RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, yana riƙe dubbai, kuma a cikinsa daidaita fari abu ne da kake sauyawa daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. Amma na gaya wa yaron kada ya ɗauka RAW ɗin zai fid da shi a wannan shago. Haske uku a kan yadi ɗaya ba gyaran kwamfuta ba ne, gyaransa tun kafin a danna ne.

Maganar asara ta fi maganar fasaha zafi. Hajiya ta ce ba za ta biya ko kwabo ba, har ta so a ɗora masa kuɗin mota. Na je gidan da kaina. Na ce, "Hajiya, kin ga kayan da idonki a shago, kin ga hoton, kuma ke kika ɗora shi. Amma sanin haske aikinmu ne ba naki ba, don haka kaso mafi girma namu ne." Muka tsaya a kan cewa yaron ya yafe kuɗin aikin farko, ya sake ɗaukar duka kala 60 kyauta, ita kuma ta ɗauki nauyin kuɗin mota, ta kuma roƙi Alhaji ya ba da aron kayan na yini biyu a kawo gida. Na dage a kan sharaɗin ƙarshen nan fiye da kowane. Da ba a amince da shi ba, da na ce a haƙura da aikin.

A gidan Hajiya muka zaɓi wani ɗaki mai babbar taga da ke kallon arewa. A nan akwai abin da ya kamata mai koyo a Kano ya lura da shi. Darussan da ake yi a Turai da Amurka kullum cewa suke tagar arewa rana ba ta shigo ta. A can haka ne. Kano tana kusa da digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi. A Disamba kuwa tana kudu, tagar arewa na ba da haske mai taushi yini guda. Hazon hunturu ma ya taimaka, ya zama kamar an rataya wa sararin sama farin mayafi, sai dai yana sa hasken ya ɗan ja rawaya, ga kuma ƙura. Kowane yadi mai duhu sai da aka kaɗe shi da burushi mai laushi dab da a ɗauka, kuma na hana yaron cire lensi a ɗakin, don ƙurar da ta shiga cikin kyamara a kowane hoto za ta bayyana.

Muka kashe duk fitilun ɗakin. Labulen tagar ruwan ɗorawa ne, muka cire shi, domin da launinsa zai rina hasken. Bangon da ke fuskantar tagar fentinsa kore ne, muka rufe shi da farin zanen gado. Yaron ma sai da ya sauya jar rigar da ya zo da ita, don shadda na ɗaukar launin duk abin da ke kusa da ita. Tebur a gefen taga, haske na zuwa daga hagu, a dama kuma babban farin kwali yana mayar da haske ya cike inuwa. Kyamara a kan ƙafa uku, lensi mai 50, domin faffaɗan lensi yana lanƙwasa zanen yadi a gefe-gefe. Komai da hannu muka saita: ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, bakin lensi a ɗan tsuke a f/8 don yadin ya fito tas daga gaba har baya, gudun shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske ƙofa, duk abin da hasken ya ba da, tunda kyamara ba a hannu take ba. Ya sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada dannawa ta girgiza ta.

Sai katin toka. Ɗan kwali ne da ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ba ya karkata ga kowane launi. A kansa muka auna haske, muka kulle, yadda duhu zai fito duhu, fari ya fito fari. Hoton farko na kowane yadi da katin a kai ake ɗauka, sannan a cire shi a ci gaba. Hasken taga yana sauyawa da tafiyar rana, shi ya sa ba mu dogara da kati ɗaya na safe ba. Daga tara zuwa sha ɗaya da rabi muke aiki, mu tsaya. Kala 30 a yini, kowace hoto uku: ɗaya a ninke yadda ake sayarwa har da lambarta, ɗaya daga kusa a ga saƙa da zare, ɗaya an rataya ta ta zubo da hannun mutum a jiki don a gane girman zanen. A jajayen yadudduka na koya masa duba histogiram, wato jadawalin da kyamara ke nuna yawan haske da shi, na ja shi kaɗai, domin ja yakan ƙure ya ƙone alhali hoton gaba ɗaya na nuna lafiya lau, kuma in ya ƙone furannin leshi sai su haɗe su zama dunƙule ɗaya.

Shadda ce ta fi ba mu aiki, kuma a kanta na fi jin daɗin koyarwar. Yaron ya aro gilashin nan da ake ɗaura wa lensi don kashe ƙyalli, wai ya ga ana amfani da shi a hoton kwalba da mota. Na bar shi ya gwada a kan wata Getzner ruwan madara. Ya juya gilashin, ƙyallin ya tafi, zanen ma ya bi shi, ga shi ya cinye fiye da rabin hasken. Shadda mai tsada ta koma kamar yadin makaranta. Dalili shi ne zanen shadda ba rini ba ne, saƙa ce. Kala ɗaya ce duka, bambancin yadda zaren ke kwance ne ke sa wani wuri ya mayar da haske wani ya haɗiye. Wanda ke sayen shadda sheƙin yake biya. Muka cire gilashin, muka riƙa juya teburin kaɗan-kaɗan, yaron na leƙe ta kyamara, har muka sami kusurwar da haske ke shafar yadin daga gefe, furannin suka taso ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani wuri ya yi fari fat ba. Haske yana barin abu mai sheƙi ne a daidai kusurwar da ya sauka, don haka tafin hannu ɗaya na matsar da tebur ko kyamara yakan raba hoton da ya mutu da wanda ya rayu. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Oga, ashe tana da zane har a bakin nan." Karin ninkin shaddar kuma muka bar shi yadda yake. Masu saye na gane sabuwa da shi.

A wasu yadudduka na maza masu ƙananan layuka wani abu ya ɓullo, wasu igiyoyi masu kala-kala kamar mai a kan ruwa, waɗanda babu su a jikin yadin. Yana faruwa ne in saƙar ta yi kusan daidai da jerin ɗigogin da kyamara ke gani da su. Matsawa gaba ko baya kaɗan yana kawar da shi, amma sai ka faɗaɗa hoton a bayan kyamara tun a wurin kafin ka gan shi.

Yini na biyu wasu kala takwas suka rage har rana ta yi, Alhaji kuma na jiran kayansa. Muka rufe tagar da bargo muka koma fitilata ta LED mai batir da sofbok, akwatin nan mai tausasa haske. Ban haɗa ta da hasken taga ba, kada mu maimaita kuskuren shago. Na ja ta baya sosai, domin in ka ninka nisan fitila haskenta na komawa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma in tana kusa gefe ɗaya na yadin zai ƙone ɗayan na duhu. Na zaɓi mai batir ne saboda wutar ƙasar nan tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa na ƙyaftawa tare da ita, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto in shata ta yi sauri. Gudun 1/50 ko 1/100 yana maganin haka, amma a kan janareto, da bugunsa ke hawa da sauka, ko wannan ba kullum yake yi ba.

Gyaran kwamfuta bai ɗauki lokaci ba. A danna a kan katin toka fari ya daidaita, a kwafa wa sauran hotunan wannan yadin, a miƙe layi, a yanke gefe, a cire ƙura da silin zaren da ya faɗo. Doka ɗaya na kafa masa: ba a gyara hoton yadi sai yadin na kan teburin, da rana, a gefen taga, an rage hasken kwamfuta har farinta ya yi daidai da farar takarda da ke kusa. Tabo ko zarewar da ke jikin kaya ba a gogewa, sai dai a gaya wa mai kaya ta canza wani. Muka fitar da hotunan a tsarin launi na sRGB, wanda shi wayoyi da intanet suka fi fahimta, a girman ɗigo 1080 da 1350 na Instagram, muka tura wa Hajiya a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba.

Ba ta ji daɗinsu ba da farko. Ta ce, "Malam, na farkon sun fi jan ido. Waɗannan kamar ba a yi musu komai ba." Na fahimce ta sarai. Tana gasa ne da ɗaruruwan shafuka da kowa ke ƙure kala, kuma mai wucewa da yatsa abin da ya fi walƙiya yake tsayawa a kai. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ɗauko leshin da aka dawo da shi na ajiye kusa da wayarta, sabon hoton na buɗe. Ta duba wannan ta duba wancan, ta daɗe, sannan ta ce a ɗora. Abin da muka yi don jan idon shi ne muka sake wa wasu shimfiɗa da jeri, muka sa atamfa mai duhu a kan farar tabarma, muka haɗa leshi da gyalen da ya dace da shi. Kalar ce kawai ba mu taɓa ba.

Duk da haka akwai iyakar da mai hoto ba ya wucewa. Mun buɗe hoton leshin a wayoyi uku da ke gidan, Tecno da Samsung da iPhone, kala uku muka gani masu kusanci da juna amma ba ɗaya ba. Wata wayar an saita ta tana ƙara wa launi kauri, wata an kunna mata rage shuɗin haske na dare, komai ya koma rawaya-rawaya. Saboda haka Hajiya ta fara rubuta sunan kalar a ƙarƙashin kowane hoto da Hausa, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan toka, ruwan hoda, ta haɗa da ɗan bidiyo na daƙiƙa goma da aka ɗauka a inuwar tsakar gida ana motsa yadin. In odar anko ce ta mutum goma ko fiye, sai ta fara aika ƙyalle a gani a amince kafin a yanka.

Mutanen Kaduna ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Leshin 30 ɗin ya ɗauki watanni yana fita ɗaya-ɗaya, wasu a ƙasa da kuɗin sari. Daga hotuna na biyu ba a dawo mata da kaya saboda kala ba har muka rabu da lissafin bayan ƙaramar salla. Yaron ya ci gaba da yi mata aiki, ta kuma haɗa shi da wasu mata biyu masu irin sana'arta. Yanzu yana da wani littafi da yake manna ƙyallen duk yadin da ya ba shi wahala, ya rubuta lokaci da taga da saitin da ya yi a gefe.

Shafi ɗaya a littafin har yau ba a rufe shi ba. Hajiya ta fara kawo kayan rini na gargajiya, na marinar Ƙofar Mata da tarihinta ke komawa 1498, da turkuɗin Kura irin wanda Buzaye ke naɗawa. Rinin baba da aka buga da guduma har ya yi sheƙi ba kala ɗaya gare shi ba: ka kalle shi ta nan baƙi ne, ka karkata shi ya zama shuɗi, ka ƙara karkatawa wani ja-ja kamar tagulla ya taso a samansa. Mun ɗauke shi a taga, mun ɗauke shi da fitila, kowane hoto fuska ɗaya yake kamawa ya bar biyu. A yanzu hoto uku yake ɗora masa a jere da bidiyo, kuma ranar Asabar mai zuwa mun shirya zuwa marinar da sassafe mu gwada shi a inda ake shanya shi.